Motar da Muka Lulluɓe da Tamfol

Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, irin wadda ke aiki da fetur da kuma wani ƙaton batir a ƙarƙashin kujerar baya. A layinmu na Fagge munafuka ake ce mata, don sai ta iso bayanka ba ka ji motsinta ba. Lokacin da layin shan mai ya ishi kowa ne mijina ya saye ta, kuma ko a sannan ta riga ta sha jiki.

Shekara bakwai muna lallaɓa ta. Duk Asabar da hantsi yakan buɗe ta ya duba mai da ruwa da iskar taya, ni kuma in durƙusa da tsohon buroshin haƙori ina goge ragar da ke gefen kujerar baya, inda babban batirin ke shan iska. Ina yi ina mita, don ban ga dalilin da zai sa malamar makaranta guda ta koma yarinyar gareji ba. Mai gyaranta, wani dattijo a Sabon Gari, shi ya ɗora mana wannan aiki. Ya kuma ja mana kunne cewa irin motar nan ba tafiya ke kashe ta ba, zama ne. In ta yi wata biyu ko uku ba a tuƙa ta ba, batirin da ya tsufa zai kwanta, kuma da wuya ya tashi.

Ina cikin takaba, kwana na goma sha wani abu, maganar ta faɗo mini. Wata huɗu da kwana goma ba zan fita ba sai da lalura. Motar nan kuwa ita ce abu mafi tsoka da yarana za su gada, ita ke kai su makaranta. Na zauna na tsara abin da za a yi. Ƙanena zai riƙa zuwa sau biyu a mako ya zaga da ita Rijiyar Lemo ya dawo. Ni zan ci gaba da goge raga da duba ruwa, tunda a cikin gida take. In wata ya cika, a kai ta Sabon Gari a sa mata na'urar gwaji.

Yayan mijina, Alhaji, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma shi ke riƙe da makullai. Ba mugu ba ne, wannan kam zan shaida ko'ina. Tsoron haƙƙi ne ya yi masa yawa. Da ya zo gaishe ni na faɗa masa tsarina, kaina a sunkuye. Ya saurara har na gama.

"Ƙanwata, dukiyar marayu ce," ya ce. "Ko taya ba za ta juya ba sai an raba gado. In aka buge ta a hanya, me zan ce wa Allah?"

Na buɗe baki zan ƙara bayani, sai na ga matan da ke zaune a ɗakin sun kalli juna. Na san abin da za a kai waje: ko arba'in ba a yi ba, idonta na kan mota. Sai na ce to, Yaya. Ni da ba a taɓa kayar da ni a musu ba a ɗakin malamai.

Washegari ya aiko da sabon tamfol, aka lulluɓe ta, aka ɗaure da igiya. Har da bulo aka sa wa tayoyin. Ya yi mata duk gatan da ya sani.

Bazara ta shigo. Ta tagar ɗakina ina kallon rana tana dukan tamfol tun safe har la'asar, raina yana ɓaci. Sau biyu na rubuta masa saƙo a waya na goge. Haushinsa nake ji, ina jin haushin marigayin da bai taɓa yi wa yayansa bayanin motar ba, amma nawa haushin ya fi. Na fita takaba ba a raba gadon ba, ana jiran takardun wani fili. Yara suka koma hawa adaidaita sahu.

Sai a wata na bakwai da rasuwar aka kira mai gyaran ya zo ya duba kafin a yi mata ƙima. Ya haɗa wa ƙaramin batirin da ke kunna ta waya, ya danna maɓallin tayarwa. Fitilu suka kama, wata jar alama ta fito, motar ba ta motsa ba. Ya daɗe da na'urarsa a kujerar baya. Da ya fito ya ce babban batirin ya tafi, kuma canza shi ya kusa sayen wata motar. Ya dube ni ya ce ai Hajiya ta san zama ke kashe ta.

Alhaji ya dafa bango. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar jana'iza.

"Kin sani?" ya ce. "Me ya sa ba ki nace ba?"

Babbar 'yata tana tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta, ita ma amsar take jira.