Sarkin Baka Ya Bi Sawu a Virginia

Laurel, ƙarfe huɗu da kwata na asuba

Asubar wata Asabar ce a watan Satumba na tayar da mota a ƙofar gidana, matata Ladi na tsaye da zani a kafaɗa tana ja mini kunne. "Ishaya, ka san halin Yaya. Ko me ya faɗa, ka ce to." Yaya Bitrus wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurenmu a Kagoro. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban taɓa musa masa ba, ko a kan gishirin miya.

Jama'ar gida, bari in gaya muku dalilin tafiyar. A ƙasar nan ba a wayi gari kawai a saɓi bindiga a faɗa daji. Hukuma ce ke buɗe lokacin farauta, kuma kafin lokacin masu abin kan je su leƙa dajin, su duba sawu da kashi da inda dabba ke goga ƙaho a jikin itace, su zaɓi bishiyar da za su ɗaura kujerar fako. Dabbar muna ce mata barewa don ba mu da wani sunan, amma ta fi ta gida girma. Namijin ƙahonsa rassa-rassa ne, in kuma ta firgita ta ɗaga wutsiya sai ka ga fari fat.

Yaya ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a Washington, wuni yake gaban kwamfuta. Amma a ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan Sarkin Baka ake ce masa, saboda mahaifinsa maharbi ne, kuma ba a tashi taro bai kashe mana ɓauna biyu da baki ba. Bara wajen cin abincin Kirsimeti wani ya tsokane shi, sai ya miƙe a gaban mutum sittin ya ce farfesun Kirsimeti mai zuwa na barewa ne, wadda zai harbo da hannunsa. Ya yi kwas, ya sami lasin. Wurin farautar ne ya rage. Wani tsohon Bature mai gona kusa da Culpeper, wanda mutanenmu ke sayen awaki a wurinsa, ya ce masa ya zo ya zaga dajin, ya nuna inda zai zauna, in ya gamsu zai sa hannu a takardar izini. In babu takardar nan babu farauta, in babu farauta Sarkin Baka ya zama abin dariya har a coci.

Woodbridge, ƙarfe biyar da minti goma

Mil arba'in da shida, titi fayau. Hanyar da kan ci mutum awa biyu ranar aiki na shanye ta cikin minti hamsin da biyar.

Kafin in ga Yaya sai da na ji shi. Ƙamshin turarensa ne ya fara fitowa, irin mai kama rigar wanda ya gaisa da shi har kwana uku. Sannan shi ya biyo baya cikin sababbin kayan daji masu zanen ganye, tun daga hula har takalmi, takardar farashi na lilo a bayan wuyansa. Na rusuna na gaishe shi. Na ga takardar, na kuma yi kamar ban gani ba.

Matarsa, Anti Rifkatu, ta miƙo mana kwanon ƙosai da ƙwai.

"Ku dai da neman wahala," in ji ta. "Barewar da za ku ƙona mai ku nema tana bayan gidan nan. Yakuwata da na ɗauko iri tun daga Kafanchan sun aske ta tas. Wata uku nake cewa a kafa mini shingen waya."

"Waɗannan 'yan gari ne, Rifkatu," in ji Yaya. "Ba a harbi cikin unguwa. Kuma maharbi ba ya bin abin da ya saba da kwandon shara."

Fredericksburg, ƙarfe shida

Muka miƙa kudu a babbar hanya mai lamba casa'in da biyar. Babu shinge, babu mai tsayar da kai ya tambayi me ka kawo masa. Mil talatin Yaya na koya mini daji: yadda ake karanta iska, yadda Baba, wato mahaifinsa, ke jin numfashin gada tun daga ƙetaren rafi. Ni dai sai "Haka ne, Yaya."

A Fredericksburg muka sha mai, muka sayi kofi a dala biyu-biyu, ruwan zafi ne da aka nuna wa kofi daga nesa. Muka ci ƙosai a mota, muka juya yamma. Ba mu yi mil biyar ba maharbi ya kwantar da kai ya soma minshari. Gari na fara haske sai ga barewa uku sun tsallaka titi a gabana, uwa da 'ya'ya biyu, har sai da na taka birki. Yaya ya buɗe ido ɗaya.

"Lafiya?"

"Rami ne, Yaya."

Gonar Mista Dale, ƙarfe bakwai saura

Mai gonar dogon tsoho ne, siriri, ba ya ɓarnar magana. Ya miƙo wa Yaya hannu, ya yi atishawa sau biyu, ya ja da baya. Ya ce da Turanci barewa kan ji ƙamshi tun mutum bai gan ta ba, in an zo da irin wannan a watan Nuwamba har na gonar maƙwabta sai sun yi hijira. Yaya ya waiwayo ya fassara mini, ni da nake aikin jinya da Turancin nan shekara tara: "Ya ce turaren ya burge shi."

Mista Dale ya nuna arewa da haɓa. Ya ce mu tsallake rafi, akwai manyan itatuwa masu zubar da 'ya'ya, can ya kamata mu duba. Ya ce mu cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, mu dawo kafin sha biyu.

Cikin daji

Mun bi maganarsa na minti goma cif. Daga nan Yaya ya tsaya ya ɗaga hannu kamar mai ba da umarni a fagen yaƙi.

"Maharbi ba ya karɓar kwatance. Ƙasa ce ke magana."

Ya karya hagu ya kutsa cikin wata sarƙaƙƙiya. Da shigarmu na lura an cinye ganye tas daga ƙasa har zuwa ƙirjina, an kuma ɓare bawon ƙananan itatuwa. Ga wasu fararen sandunan roba a jere gefe guda, irin na shingen lantarki da ake cirewa a mayar. Yaya ya durƙusa a kan wani tarin kashi, ya ɗebo, ya murza a yatsa.

"Ishaya, zo ka ga arziki. Garke guda ne. Dubi sawu, ko'ina sawu."

Na sunkuya na duba. Ni fa a gidan kakata na tashi, kuma aikina na farko a duniya shi ne sharar turken awaki kowace safiya kafin makaranta. Na san abin nan kamar yadda na san sunana. Ko da ido zai yaudare ni, hanci ba zai yi ba, don daga gindin wani kututture wari ke tashi, wanda duk ɗan ƙauye zai gane ko cikin barci.

Yaya ya ja iska ya lumshe ido.

"Ka ji? Wannan warin babban namiji ne. Mai ƙaho goma, ko sha biyu. Nan yake kwana."

Bakina ya buɗe. Na tuna Ladi a ƙofar gida, na tuna mutumin nan tsaye a coci yana cewa ya ba ni ƙanwarsa. Yaya ne, surukina ne. Ta ina zan fara ce masa bunsuru yake shaƙa?

"Haka ne, Yaya," na ce.

Awa uku muka yi a wurin. Ya ɗauki hoton kashi ta kowace kusurwa ya tura zauren ƙungiya a waya, nan da nan aka fara zubo masa kirari. Ya zaɓi bishiya, ya ɗaura mata jan ƙyalle, ya sa alama a taswirar wayarsa. Ya ma gwada mini kirarin Baba da murya har tsuntsaye suka watse. Ni kuwa ina bayansa ina cire kaska daga wandona, ina gaya wa raina ladabi nake yi.

Bakin rumbu, sha biyu saura kwata

Mista Dale ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon alamar. Ya dubi hotunan. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce mu biyo shi.

Bayan rumbu akwai awaki kusan talatin. A tsakiyarsu wani ƙaton bunsuru mai gemu yana tsaye kan tsohuwar taya, yana kallonmu kamar mun zo neman alfarma. Warin da muka wuni a ciki ya tarye mu tun daga ƙofa.

"Ga babban namijinka," in ji tsohon. "Sunansa Sanata. Nakan sake su a can su cinye mini ƙaya. Shekaranjiya na kwaso su, a Nuwamba zan mayar." Ya ninke takardar izinin ya sa a aljihu. "Kai mutumin kirki ne, Mista Bitrus. Amma ba zan bar bindiga a gonata a hannun wanda bai raba akuya da barewa ba. Ka bi wani ka koya, ka dawo baɗi."

Yaya bai fassara mini wannan ba. Ya ce in jira shi a mota. Na hango su suna magana a bakin shingen, har suka sha hannu.

Hanyar dawowa

Sai da muka kusa Fredericksburg Yaya ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Ka sani?"

"Na sani, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun kashin farko."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kai babba ne."

"Babba." Ya jinjina kai. "Ka ga in mutum zai faɗi a ɗaka, ka tallafe shi ka kai shi kasuwa ya faɗi. Wannan ne girmamawar?"

Kunya ta kama ni fiye da yadda ta kama shi a bakin rumbu, don shi rashin sani ne ya kai shi, ni kuwa da sanina na raka shi.

Can ya ce, a hankali, "Baba bai taɓa zuwa daji da ni ba, Ishaya. Ko sau ɗaya. Ya ce ni na boko ne, ya tura ni makarantar kwana. In ya dawo da nama ni nake riƙe masa fitila ya feɗe. Labaran nan duk nasa ne. Tun da ya rasu nake ba da su, har na manta ba ni ne a ciki ba."

Na ji tausayinsa ƙwarai. Na miƙa hannu na tsinke takardar farashin da ke bayan wuyansa na ba shi. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wannan ma tun asuba?"

"Tun asuba, Yaya."

Woodbridge, ƙarfe shida na yamma

Cunkoso ya riƙe mu, ga tsayawa cin abinci, sai shida muka iso. Anti Rifkatu na bakin taga ta yafito mu da hannu. Barewa huɗu ne a lambunta, har da namiji mai ƙaho takwas, suna ƙarasa sauran yakuwar a tsanake. Ƙamshin turaren bai dame su ba. Yaya ya tsaya yana kallonsu har suka ƙoshi suka tafi, sannan ya ce gobe bayan coci zai sayo wayar shinge.

Da ya rako ni mota ya dafa ƙofar.

"Na yi ciniki da tsohon. Sanata ya zama nawa, ranar ashirin da uku ga Disamba za mu je mu ɗauko. Shirun nan da ka iya, ka adana shi. Zan buƙace shi."

Na isa Laurel bakwai da rabi. Ladi ta tambayi yadda aka yi, na ce Yaya ya ga sawu da yawa.

Ban rubuta wannan ba sai da aka kwashe kwanonin Kirsimeti. An yi farfesu tukunya biyu, an zuba citta da kanumfari har ba iyaka, amma Sanata bai yarda ya ɓuya ba, tun daga matakala ake jin sa. Mutum sittin, kusan kowa ya yi kiwon akuya da ƙuruciya. Wata tsohuwa 'yar Pankshin, Kaka Saratu, ta kai cokali baki, ta tsaya, ta dubi Yaya ta saman tabarau.

"Sannu da ƙoƙari, Sarkin Baka," ta ce. "Barewar ƙasar nan akwai ƙarfi."

Kowa ya ce haka ne. Aka yi masa tafi, aka ƙara kwano. Yaya ya yi murmushi, amma na lura bai ba da labarin ɓauna ko ɗaya ba ranar, kuma bai ci naman ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Anti Rifkatu da ƙosai. Godiya ta musamman kuma ga Mista Dale. Duk cikinmu masu durƙusa wa Yaya muna kiransa babba, tsohon nan da bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba shi kaɗai ya ga girmansa ya isa a gaya masa gaskiya.