Mai Irin Wake da Wayarta a Kife

Wata ranar kasuwar Kanan-Bakashe wata mata ta matsa mani a tabarmarta, ta miƙo mani ruwa, ba ta ko tambayi sunana ba. Tun daga nan nike lura da ita. Siririya ce, da madubin ido wanda ta ɗaure ƙafarsa guda da zare. Irin wake take saidawa. Ina zaton ta taɓa lakwal, wato makarantar boko, ko kuwa iri ya taɓa ƙone mata a ƙasa, don ba ta son gaggawa.

Wayarta na kife bisa buhu, shiru. Ta maƙwabta kuwa sai kuka take, kowa na sauraren saƙonnin murya na gurup ɗinsu na waya: ruwa ya taso, a binne iri tun ƙasa na bushe.

Sirajo mai goro ya leƙo. "Zara'u, tunda kin fita gurup, ke da kurma duk ɗaya!"

Mai waken ta ce, "Kurma ya fi ka barci. Bara muryoyin nan suka sa ka shuka sau biyu."

Ita saƙo guda ta yarda da shi, wanda ke shigo mata ta imel kowane mako da labarin ruwa da gona. Tana karanta shi a tsanake, leɓe na motsi kamar mai lazimi, sannan ta sake kife wayar.

Irin da na ƙulle a bakin zane shi kaɗai gare ni, tun rasuwar malam maigidana ba mai sake mani wani. Na kwance na nuna mata, ta dube shi ta ce, "Inna, don Allah kada ki zuba shi ƙasa don an yi ihu a waya. Riƙe abinki, kasuwa mai zuwa ki zo ki tambaye ni."