Wayar Da Ƙanwata Ta Ba Ni Ajiya

Shekarar da ƙanwata za ta rubuta jarabawar gama sakandare, muna gidanmu a Dutsi, da kanta ta kawo mini wayarta ina tankaɗen garin tuwo.

"Yaya, ɓoye mini wannan. Ko na yi kuka kada ki ba ni."

Dariya na yi, sai na ga idanunta sun yi ja. Kawunmu mai fataucin awaki ne ya sayo mata wayar don karatu. Tun daga nan ta daina zaman hira da mu. Tuwo kan huce a gabanta tana kallon bidiyon 'yan mata masu rawa da kwalliya, in ta ɗora hotonta kuma ta yi ta leƙawa ta ga wa ya yaba.

Na naɗe wayar a tsumma na tura cikin buhun wake. Ranar farko ta buɗe littafi, amma hannunta na ta laluben gefen tabarma. Washegari ta yi wa Inna tsawa a kan wanke-wanke, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta koma bayan ɗaki ta yi kuka. Ta roƙe ni, na hana.

Wata ranar kasuwa na dawo na tarar da wake a warwatse, ita kuma a durƙushe, kanta a sunkuye kan wayar. Ba ta ma ji sallamata ba.

"Ba ke kika ce in ɓoye ba?"

"Wallahi Yaya ba daɗi nake ji ba. In na riƙe, sai in ga kowa ya fi ni. In na ajiye, ƙirjina ya yi ta bugawa."

Baba ya ce a fasa wayar, Inna ta karɓo rubutu wurin malamin unguwarmu. Ta sha ba musu. Sau da yawa ta sake ba ni ajiya, sau da yawa ta tono.

Sakamako ya fito, bai yi kyau ba. Ba wanda ya yi mata faɗa, jikin kowa ya yi sanyi.

Bayan an kai ni ɗakina a Mai'adua, na zo ganin gida. Ta rame. Da zan koma, ta rako ni bakin titi, mai babur ya tsaya. Sai da na hau ta ce, "Yaya, ki sa ni a addu'a."