Kaka Genzo, Wa Zai Rubuta Shafin Damina?

Ina neman afuwar manyan ƙauyenmu na Kamisawa. Ni ce Kotone ta gidan Narahara, ina aji biyu a babbar sakandare, kuma na san ban kai in rubuta abin da zai shiga gida ashirin da shida ba. Shugaban unguwa, Baba Oshikiri, shi ya ba ni shafi ɗaya a allon sanarwa na wannan makon, saboda ni nake rubuta wa marigayi Kaka Genzo abin da yake faɗa tun da hannunsa ya fara rawa.

Kaka Kurusu Genzo ya rasu ranar Talata, ashirin ga Mayu, da hantsi, yana da shekara tamanin da bakwai. Matarsa, Kaka Fumi, ta kai masa shayi baranda ta tarar rai ya yi halinsa.

Kaka, shekara talatin kana rubuta mana shafin damina. Kowa ya san yadda muke yi da allon nan mai zagaya gida-gida: ya iso ƙofa, a buga hatimi, a miƙa wa maƙwabci, ko layin farko ba a duba ba. Shafinka kaɗai ake neman tabarau a zauna a karanta.

Shekara biyu da suka wuce ka ce in gwada da kaina. Na rubuta, “Ana roƙon jama'a su yi hattara da zaftarewar ƙasa.” Ka karanta, ka leƙo ni ta saman tabarau.

“Wa kika rubuta wa wannan, 'yar nan?”

“Kowa da kowa, Kaka.”

“Kowa da kowa ba shi da ƙafar gudu. Rubuta wa Setsu mai kunnen ƙashi, wadda ko dutse zai ƙwanƙwasa mata ƙofa sai ta gama jera tulunan kabejinta.”

Ranar ka kai ni bakin rafi da sandarka, ka sa na durƙusa na shinshina ƙasa mai laima. Ka tambaye ni me na ji, na ce ƙasa. Ka ce, “Kai, an yi asarar kuɗin makaranta!” Sai a karo na uku na ce kamar dankalin da aka manta a gindin buhu. Ka yi dariya har da tari, ka ciro mini alewa daga aljihu. A hanyar komawa ka ja mini kunne cewa kada in taɓa ƙara gishiri, domin wanda aka tayar a banza bana ba zai tashi baɗi ba.

A shafin shekarar ka sa na rubuta cewa idan rafi ya koma ruwan ƙasa kamar miyarmu ta miso, ko ruwansa ya ja baya alhali sama tana zuba, a bar komai a nufi zauren firamare. A daminar, Gwaggo Setsu ta ga hakan da rana tsaka, ta fita da silifa wari-wari. Ba a yi awa ɗaya ba laka ta cika ɗakin girkinta har rufi. A wurin jana'izarka ta tsaya gaban hotonka tana share hawaye, ta ce, “Tsohon banza, ka bari damina ta wuce mana!”

Kaka, tsoro nake ji. Saura kamar mako biyu ruwa ya sauka. Ranar Asabar na bi hanyar da muke bi duk shekara, ni kaɗai, na ga wani abu a bayan gidajen layin sama. Na sanar da Baba Oshikiri, ya ce, “Ana makoki, Kotone, kada ki firgita tsofaffi. Yi ta'aziyyarki kawai, sauran sai taron wata mai zuwa.” Na san da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Amma taron yana bayan ruwan farko.

Baba Oshikiri, ka gafarce ni. Ga abin da na gani, ban ƙara komai ba. Katangar duwatsun da ta tokare gangaren tudun ta yi ciki kamar buhun shinkafa da aka jingina. Kwana tara ba a yi ruwa ba, amma ruwa yana tsiyaya ta tsakanin duwatsun, kuma ba garau yake ba, launin shayi da madara ne. Dogayen itatuwa biyu da suke tsaye ƙyam bara sun sunkuyo wajen rufin gida na uku. A sama da su ƙasa ta tsage, na sa hannuna ya shige har wuyan hannu. Da na ciro shi na shinshina, na ji warin dankalin nan da Kaka ya ce ƙasa tana yi kafin ta zaftare, ban iya tsayawa ba, da gudu na sauko.

Wataƙila kuskure nake yi, in kunyata iyayena a gaban ƙauye. Wannan yana hana ni cin abinci. Amma mutum bakwai ne ke kwana a layin nan, huɗu daga ciki ba sa tafiya sai da sanda. Da kana nan, Kaka, da kallo ɗaya ka gaya mini ko in yi shiru.

Na kunna maka turare, na haɗa tafukan hannuna. Ina roƙon a yi maka rahama, tafiyarka ta kwana arba'in da tara zuwa lahira ta zo da sauƙi, ka sami hutu cikin magabatanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka Fumi, da 'ya'yanku, da jikokinku. Ku yi haƙuri da rashin nan, ku yi haƙuri kuma da na cusa fargabata cikin makokinku.

Shafin damina na bana ba shi da marubuci. Ban iya kamarsa ba, amma ni ce na je na gani. Idan manya sun yarda, ina neman izini in rubuta shi a mako mai zuwa, tun sama ba ta haɗa hadari ba.