Harsashi Biyu a Malmalar Tuwo

Ban taɓa harba bindiga ba, har yau ban san yadda ake ɗura ta ba, amma a kan maganar harsashi aka ba ni mata.

A lokacin ina aikin fitar wa 'yan kasuwa kaya a tashar jirgin ruwa ta Lomé. Wuni nake yi ina bin takardun kwantena daga wannan taga zuwa waccan, da yamma kuma in hau babur in nufi unguwar Zongo kamar wanda ake ja da igiya. Akwai wata budurwa mai ɗinki a shagon yayarta, bayan masallacinmu. Saboda ita na zama mutumin da maɓallin rigarsa ba ya kwana biyu bai cire ba. Da hannuna nake tsinke shi a hanya, in shiga shagon da fuskar tausayi. Ta gane tun da wuri, amma ta ci gaba da mayar mini da shi tana danne dariya.

Da magana ta yi nisa, wata rana, da zare a bakinta, ta ce, "Baba ya ce ka zo ranar Juma'a bayan la'asar. Yana son ganinka kafin manyanka su zo."

Na ce me zai tambaye ni? Aikina? Asalina? Karatuna?

"Duk ya riga ya bincika waɗannan," in ji ta. "Harsashi zai tambaye ka."

Na zaci ban ji daidai ba. Ta ajiye allura ta yi mini bayani. Babanta da ƙanensa, wanda take kira Baffa, sun yi ƙuruciyarsu a can arewa, a dajin da Turawa ke zuwa farautar manyan namun daji da izinin hukuma. Baban shi ne mai bin sawu, shi ke shiga sarƙaƙiya a gaba da bindiga a hannu. Baffa ya fara da tuƙa motar farauta, daga baya ya zama gwanin harbi daga nesa. Sun bar aikin tun kafin a haife ta, sun mayar da bindigogin, Baba ya kama sayar da yadi, Baffa ya buɗe shagon kayan gyaran manyan motoci a Adakpamé. Abu ɗaya ne ba su bari a dajin ba, wato gardama. Baba ya ce harsashi mai mulmulallen kai shi ne harsashi. Baffa ya ce mai tsini.

"To ni wanne zan ce?"

"Idan Baba ya tambaye ka, mulmulalle. Idan wata rana ka haɗu da Baffa, mai tsini, don shi ne waliyyina, shi zai bayar da ni. Kada ka damu, ranar Juma'a Baffa ba ya barin Adakpamé."

Kwanakin da suka rage, a bakin tagar kwastan ma mulmulalle nake maimaitawa a zuci. Wani abokin aikina ya ji leɓena na motsi, ya yaba mini da yawan zikiri.

Ranar Juma'a na saka shaddata mai ruwan toka, na fesa turare har mai facin taya na bakin layi ya yi atishawa. Na kafe babur a ƙofar gidan, na yi sallama, na cire takalmi, na shiga zaure a sunkuye. Dattawa biyu na gani a kan tabarma. Ɗaya dogo siriri mai furfura a gemu, ɗaya gajere mai ƙiba da tabarau a kan hanci, amma goshinsu iri ɗaya, kamar da ludayi guda aka zuba su.

Dogon ya ce, "Shigo, ɗana. Ka yi sa'a, ga ƙanena ya zo daga Adakpamé. Ya ji labarin za ka zo, ya rufe shago."

Na durƙusa na gaishe su, na sake gaishe su, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na koma na tambayi gajiya. Da za a bar ni, da na yi ta gaisuwa har magariba. Baba ya katse ni da murmushi, ya sa hannu a aljihu, ya fito da carbi, ya ajiye, ya sake sa hannu ya fito da wani ɗan ƙarfe ja mai kamar kan yatsa. Kan harsashi ne, ba kwanso ba albarushi, ya sha shafa har yana ƙyalli.

"Ɗana, a ce kana daji, ga ɓauna. Wane harsashi za ka saka?"

Kafin in buɗe baki Baffa ya ɗaga hannu. "Yaya, ba a yi wa yaro haka. A bar shi ya ji hujja tukuna." Ya ciro makullin motarsa, ashe a jikinsa nasa yake rataye, dogo siriri mai baki kamar fensir da aka fere.

A daidai nan aka turo tire daga bayan labule. Tuwon masara ne malmala uku, da miyar ayoyo da kifi, tururi na tashi. Na ji daɗi, na ɗauka ci zai raba gardama. Baba ya jawo malmala ɗaya gabansa, ya dube ta kamar likita.

"Wannan ita ce ɓauna," ya ce. "Ɓauna ba ta tsaya maka a fili. Tana cikin duhuwa, tsakaninka da ita bai fi daga nan zuwa ƙofar can ba. Fatarta kauri, ƙashin kafaɗarta kamar turmi. Kana buƙatar abu mai nauyi wanda in ya shiga ba ya shawara da kowa." Ya danna mulmulallen a gefen tuwon da babban yatsa, ya tura har ya ɓulla ta ɗaya gefen. "Ka ga hanya? Miƙaƙƙiya, mai faɗi. Nasa kuwa, in ya ci karo da ƙashi, sai ya karkace ya tafi yawo cikin ciki, ita kuma ta taho ta same ka."

"Yawo!" Baffa ya cire tabarau. "Kai dai ka faɗi gaskiya, naka ba ya zuwa ko'ina. Ɗana, saurara. Gwanki yana can ƙarshen fako, iska na kaɗawa, in ka matsa taku ɗaya ya gudu. Ka harba wannan dunƙulen nasa, kafin ya kai rabin hanya ya gaji, ya sunkuya ya ci ƙasa kamar tsohon jaki. Mai tsini kuwa yanka iska yake yi." Ya jawo malmala ta biyu, ya ja da baya da hannunsa har bango, ya taho da harsashin a hankali yana fito da bakinsa, fiiiii, ya soke tuwon. Makullin motar duka ya bi shi cikin malmalar.

"Wa ya yi maganar gwanki? Ɓauna na ce!"

"Ɓaunar ma in ka iya harbi ai ba sai ta zo tana shinshina gemunka ba!"

Daga bayan labule aka ji muryar Inna, uwar yarinyar, ƙasa-ƙasa saboda kunyar suruki: "Malam, tuwon nan fa na baƙo ne."

"Ai ga tasa nan ba mu taɓa ba," in ji Baba, bai ko waiwaya ba. Kafin ya rufe baki Baffa ya jawo malmala ta uku, ya kafa mata tsinken sakace biyu a matsayin ƙaho, don a nuna mini inda ba a harbi. Ina kallon abincina ya zama ɓauna, cikina na ƙugi, ina kuma ta riƙe dariya. Ta wata 'yar ɓular labule na hango ido ɗaya da na sani sarai, yana rawa saboda dariyar da mai shi ke dannewa.

Sai suka juyo gare ni a tare. Ɗaya ne ya haifi 'yar, ɗaya ne zai bayar da ita. Kowanne da harsashinsa a hannu, tuwo na manne a jiki.

"To, ɗana," in ji Baba. "Ga ɓauna ta taso. Me za ka yi?"

Duk abin da na haddace ya tashi daga kaina kamar tsuntsaye. Na ji bakina yana cewa, "Baba, Allah ya ƙara girma, ni dai bishiya zan hau."

A raina na ce shi ke nan, na koma gwauro. Baffa ya mayar da tabarau a hankali, ya leƙo fuskata.

"Wace bishiya?"

Na laluba a kaina, babbar da na sani ita na faɗa. "Kuka."

Wayyo! Kamar na zagi kakansu. Baba ya tafa hannu, Baffa ya riƙe kai. "Kuka? Ta ina za ka kama ta? Jikinta sulɓi, reshenta na sama! Kana rungumar ta ɓauna za ta manna ka a jiki kamar takardar talla!" Baba ya ce kaɗanya ake nema, mai rassa ƙasa-ƙasa. Baffa ya ce ƙwarai kuwa, kaɗanya, in babu ita ɗorawa. Yarinyar ta gaya mini daga baya cewa tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin Baffa ya ce wa Baba ƙwarai kuwa ba.

"Kuma ka hau can sama," Baba ya ƙara, "ka naɗe ƙafa. Harshenta kamar zarto ne, in ta samu tafin ƙafarka lasa za ta yi ta yi."

"Tambaye shi ta yaya ya sani," in ji Baffa, kafaɗunsa sun fara rawa.

Nan labari ya fito. Wata rana su biyun sun bi wata ɓauna da wani Bature ya ji wa rauni ta shige duhuwa. Ta fito musu ta inda ba su zata ba. Baba ya harba, Baffa ya harba, sannan kowa ya yar da bindiga, suka tsinci kansu a kan kaɗanya ɗaya, reshe ɗaya, Baffa a kan wuyan yayansa. Ɓaunar ta yi ta zagaya gindin bishiyar, ta tsinke wa Baba takalmi ɗaya, can da rana ta yi sanyi ta kwanta ta mutu. Tun a kan reshen suka fara musun harsashin wa ya kashe ta, ba su gama ba har ranar da nake zaune a gabansu.

"Nawa ne," in ji Baba, yana share hawaye da hannun riga.

"Naka a jikin gidan gara ya ƙare, na ga ƙurar da ido na."

Dariyar da nake riƙewa ta ƙwace. Na yi ta har na faɗi gefe ɗaya a gaban surukaina, shadda ta shiga miya. Bayan labule ma an daina ɓoyewa, ana ta ƙyaƙyatawa, har da muryar Inna. Da muka lafa, Baba ya cire wa ɓaunata ƙahonni, ya turo mini ita. "Ci, ɗana. Wanda ya san ya gudu ba zai bar mini 'ya da takaba da wuri ba. Ka turo manyanka."

Ban san yadda na fita ba. Na gaishe da mai facin taya kamar ɗan'uwana da ya dawo daga Makka, na saye gyaɗar wasu mata masu talla na raba wa mutanen da ban sani ba, na tare ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, na ce ya kai ni gidan yayata a Cacavéli in yi mata albishir. A hanya na yi ta yi masa bayanin ƙashin kafaɗar ɓauna da Hausa, shi kuma yaren Mina da Faransanci kawai yake ji, yana ta gyaɗa kai. Sai da na sauka, yayata ta tambaye ni ina babur ɗina, sannan na tuna yana can kafe a ƙofar surukai, da makulli a jiki.

Ranar ɗaurin aure masallaci ya cika har waje. Ina can baya cikin abokai, kaina a ƙasa. Limaminmu, dattijo mai sanyin murya, ya tambayi waliyyin amarya, Baffa ya matso. Ban san wa ya tsokano zancen ba, sai na ga Baba ya sunkuya yana raɗa wa ƙanensa wani abu, Baffa ya mayar masa, raɗar ta fara fitowa fili. Liman ya dube su ta saman tabarau.

"Har yanzu ba ku gama ba?" ya ce. "To ni mahaifina da baka ya yi farauta, kuma ban taɓa ganin kibiya mai mulmulallen kai ba."

Baffa ya ɗaga hannu biyu sama, fuska kamar an ba shi kujerar Makka. Baba ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, dutsen majajjawa fa?"

Masallaci ya ɗauki dariya, har na waje suna tambayar me aka ce. Liman ya yi gyaran murya da ƙarfi, ya ce a yi salati, ya hau karanta abin da ya tara mu. Ni kuwa na cusa fuska a hannun babbar riga, jikina na ta girgiza, mutanen da ke kusa suka ɗauka kukan farin ciki nake yi, wani tsoho ma ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri. Sai da abokina ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce in ɗaga hannu an kai Fatiha, sannan na san na zama mai iyali.