Baba Osseni da Fijon Mahaifina

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Satumba, 'yarka Falilatu ta kira ni a waya ta ce Baba Osseni Ligali ya cika a gidansa na Porto-Novo. Bayan la'asar aka kai ka makwancinka. Na zauna makoki na kasa buɗe baki, shi ya sa nake rubutawa.

Sana'arka kimanta mota. Duk wanda zai yi wa tsohuwar mota rajista, ko ya sauya mata suna bayan mai ita ya rasu, sai ya zo wurinka, domin a kan darajar da ka sa mata ake yanka haraji. In ka ɗaga, haraji ya hau. In ka sauke, ya sauka. Dillalai sun sha kai maka rago ka mayar musu da abinsu. Matan da mazansu suka mutu suka bar musu tasi kuwa, kai kake raka su ofis, ka tsaya a layi a madadinsu, ka saya musu akasa, wato tuwon kamun masara, da soyayyen kifi su ci a inuwa. Kana da wata ɗabi'a da makanikai ke yi wa dariya: ba ka buɗe ƙofar motar mamaci sai ka yi sallama, ka ɗan dakata kamar mai jiran amsa.

Ni Mulikatu, motar mahaifina ce ta haɗa mu. Alaji Bisiriyu ya bar mana baƙar Fijo 403, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba ya fito da ita sai ranar Juma'a, ko in zai je Sakete, garinsu, inda daga baya aka binne shi. Ya yi wasiyya kada a sayar. Amma yayana Wabi ya samo wani Bature mai tara tsofaffin motoci, ya kafe a kan a sayar a raba. Dangi suka yanke cewa in na iya biyan haraji da kuɗin rajista, na kuma ba Wabi rabonsa, mota ta zama tawa. In na gaza, Bature ya ɗauka.

Ranar da ka fara zuwa, motar na ɗage a kan katakai a gareji, ba batir, ba ko ɗigon mai. Ka yi sallamarka, ka shiga, ka shafa kujeru, ka ɗauki hoton agogon kilomita da wayarka. Ka fito ka ce, "'Yata, ba zan ɓoye miki ba. Fentinta na asali ne, kuma ba ta yi tafiyar kirki ba. Irinta tsada take. Harajin zai yi nauyi."

Wabi ya kwashe da dariya. "Malama, albashinki na koyarwa ko fitilarta ba zai saya ba. Nemi keke."

Ka dube shi ka ce sai ka sake dawowa ka duba lambar inji kafin ka sa hannu.

Da ka dawo mako na gaba, da safe ne, rana tar. Ka leƙa agogon, ka dubi wayarka, ka sake leƙawa. Lambobin sun haura, kuma ba kaɗan ba. Ka durƙusa ka taɓa tayoyin da ko ƙasa ba sa taɓawa, yatsunka suka fito da jar laka ɗanya. Babu irin wannan ƙasar a unguwarmu. A hanyar Sakete take.

Wabi ya ce ni ce na kawo makaniki ya murɗa agogo. Ya sayo sabon kwaɗo ya garƙame garejin, ya rataya makulli a wuyansa. Da ka sake dawowa aka buɗe a gabansa, agogon ya ƙara gaba. Fatar kujerar direba ta tsage daidai inda mahaifinmu ke jingina kafaɗa, fentin saman bonet ya koɗe kamar ya shekara da shekaru a rana. Cikin motar da ɗumi, kuma yana ƙamshin turaren mahaifinmu da ba wanda ya shafa a gidan tun ranar da aka yi addu'ar arba'in. Wabi ya cire makullin daga wuyansa ya ajiye a ƙasa, ya fita da baya da baya.

Kai kuwa ka zauna a kan wata tsohuwar taya, ka yi tasbihi har ka gama, sannan ka ce, "Ni abin da idona ya gani nake rubutawa. Wancan makon na ga mai tsada, yau na ga wadda ta sha hanya. Ta yau zan rubuta. Amma ki hanzarta, 'yata. Mota ba ta son zama da sunan wanda ba ya nan."

Darajar da ka sa ta sauko har inda hannuna ya kai. Kai ka kai ni ofis a bayan babur, ka ƙi karɓar ladanka. Tun ranar da katin mota ya fito da sunana, agogon bai sake motsi ba sai in ni na tuƙa. Ban ce ga abin da ya faru ba. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ba ka taɓa kai maganar nan ko'ina ba, ba ka bari aka mayar da mahaifina abin hira a tashar mota ba.

Da ciwo ya kwantar da kai a asibiti, ka aiko Falilatu ta ce kana so a mayar da kai gida, kuma a Fijon nan. Na zo da azahar. Muka kwantar da kai a baya, kanka a cinyarta. Muna hawa titin bakin ruwa sai ka ɗago, ka dubi kujerar da ke gefena, wadda ba kowa a kai, ka yi murmushi.

"Alaji, ashe da kai aka zo? To, madalla."

Na ce, "Baba, mu uku ne fa a motar."

Ka ce, "Na sani, 'yata. Ke dai dubi hanya."

Na dubi hanya har ƙofar gidanka, ban waiwaya gefe ba. Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Ya Allah, ga bawanka Osseni ya zo gare Ka. Ya yi wa mutane awo bai tauye ba, Ka yi masa awo da rahamarka. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ɗebe masa kewa, Ka ba shi barci mai nauyi wanda ba abin da zai tashe shi sai kiranka. Mahaifina ma Ka jiƙansa, Ka kwantar da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Rafatu, matarsa, da Falilatu da ƙannenta, da abokan sana'arsa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku kamar yadda ya tsaya wa marayun wasu. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, kuma Ya sa mai rakiyarmu ya zama na alheri.