Bugu Uku na Evaristo

Nieves tana 'yar shekara shida ta fara jin sunansa. Ƙararrawar coci ta kaɗa, kakarta ta dakata da yankan albasa ta kasa kunne. "Bugu uku, namiji ne ya rasu. Wannan hannun Evaristo ne, ƙanen nan nawa mai taurin kai."

Shekara hamsin da ɗaya yana hawa hasumiyar cocin ƙauyensu a yankin Kastiliya, can Turai, yadda ubansa da kakansa suka hau. Gobara da kiɗanta, ɗaurin aure da nasa. Bai yi nisa a boko ba, amma zai tsare ka a bakin hanya ya jero maka yaƙe-yaƙe da annobar da ƙararrawar nan ta shelanta cikin shekara ɗari huɗu. Cewa yake da wannan sauti aka raini Turai, ta girma ta toshe kunne.

Sai aka ce ya tsufa, aka sa na'ura. Ran da maƙerin garin ya rasu, na'urar ta buga biyu, bugun mace. Jama'a suka ɗunguma zuwa yi wa maƙeri ta'aziyyar matarsa, ita ce ta buɗe musu ƙofa.

Tun daga ranar zama ya gagari Evaristo. Ya zaga coci, ya dawo, ya tura miyarsa gefe, ya sake fita.

"Kawu, ka zauna ka huta mana," in ji Nieves.

"In huta? An mai da maƙeri mace, 'yar boko, kina ce min in huta? Tashi mu hau!"

Sau huɗu kacal ya kai ta sama, tana rufe ido saboda tsoron tsayi, yana yi mata dariya.

Yau da safe Evaristo ya cika. Fada, limamin cocin, ya tare Nieves a ƙofar hasumiya. "'Yata, an gyara na'urar. Maɓalli ɗaya ne, me zai kai ki sama?"

Ta dubi matakala tamanin na hasumiyar. Ta tuɓe takalma ta fara hawa, maganarsa ta hawansu na ƙarshe tana kunnenta:

"Ran da na tafi, kada ki bar ƙarfen nan ya faɗa wa gari. Ki ja igiyar da hannunki. Uku, kin ji? Kada ki mai da ni kakarki."